Rabin Awar da Ta Rage

Ƙasar ƙarama ce, har masu buga taswira ba su taɓa samun wurin rubuta sunanta a cikinta ba. Sai su rubuta shi a cikin ƙasar maƙwabciyarta, su ja 'yar kibiya ta nuno ta. Malaman makaranta kan gaya wa ɗalibai cewa wannan ba raini ba ne, ƙarancin fili ne kawai, ɗalibai kuma su rubuta hakan a jarrabawa su ci. Ita maƙwabciyar, gidan rediyo na kiranta Babban Yaya, kuma babu mai cewa Yaya bai kyauta ba. Daga wurinsa wutar lantarki ke zuwa, ranar da ya ga dama. A can ake buga littafin tarihin da ke bayanin yadda ƙaramar ƙasar ta ƙwaci 'yancinta daga hannun wasu mutane da littafin ya manta bai faɗi sunansu ba. Hatta tutar ƙasa a masaƙarsa ake yin ta, shi ya sa wata shekara ta zo da shuɗin da ya fi na da duhu, aka kira taro, aka amince cewa dama can haka shuɗin yake.

Abu ɗaya ne Yaya bai kai ga taimaka musu da shi ba, wato lokaci. Ranar da aka ba ƙasar 'yanci, shugabanta na farko ya rasa abin da zai yi duniya ta san an rabu, sai ya ba da umarni a mayar da agogo baya da rabin awa. Tun daga ranar, in sha biyu ta yi a ƙasar Yaya, a nan sha ɗaya da rabi ce. Mutane na ji da wannan rabin awa yadda tsoho ke ji da haƙorinsa na ƙarshe.

A garin da ke bakin iyaka, inda layin dogon Yaya ya ƙare, akwai tashar jirgi mai hasumiya, a kan hasumiyar kuma akwai agogon da duk garin ke saita nasa da shi. Mai kula da shi saurayi ne ɗan shekara ashirin da tara. Mahaifinsa ne Mai Agogo na asali, da ya rasu aikin ya faɗo kan ɗan, sunan ma ya biyo shi, aka koma ce masa Ɗan Agogo. Kowace safiya yakan hau matakala tamanin da huɗu da gwangwanin mai da tsumma, ya yi wa agogon wani, wato ya murza mariƙinsa don kada ya tsaya, ya ɗiɗɗiga mai a haƙoran ƙafafun tagulla, ya kasa kunne ya ji ko bugun ya canja. Sauran yinin kuma a bakin 'yar tagar da ke ƙarƙashin lamba shida yake zama yana karanta littattafan soyayya, irin waɗanda a cikinsu maza ke mutuwa saboda kallo ɗaya. Shi bai mutu ba tukuna, amma ya rame.

Jirgi ɗaya ke zuwa a rana daga ƙasar Yaya, ya koma inda ya fito. Shekara arba'in da suka wuce, ofishin jirage na can ya rubuta a jadawali cewa jirgin zai iso ƙarfe sha biyu. Ofishin nan ya rubuta cewa zai tashi ƙarfe sha biyu. Kowa ya dubi agogon bangonsa ya sa hannu, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Saboda haka jirgin kan iso a sha biyun Yaya, ya zauna yana huci rabin awa cur yana jiran sha biyun nan. Shugaban tashar, wanda gari ke kira Usur, kawun Ɗan Agogo ne, ƙanin mahaifiyarsa. Doka ɗaya ya sani a duniya. Ba ya busa usur sai agogon hasumiya ya buga sha biyu, in kuwa ya buga, ko wa ke da ƙafa ɗaya a ƙasa, busawa zai yi.

A cikin wannan rabin awa Mai Tikiti ke saukowa. 'Yar ƙasar Yaya ce, ita ke bin taragu tana huda tikitin fasinjoji. Takan zo ta zauna a bencin da ke gindin hasumiya, ta cire baƙin takalminta, ta miƙe ƙafa, ta buɗe fulas ɗin shayi. Tana da wani ɗan tabo a saman gira da dariyar da ke fitowa ba ta nemi izinin kowa ba. Da zarar jirgin ya tsaya, Ɗan Agogo zai tuna cewa ya manta wani abu a ƙasa. Shekara biyu ke nan yana mantuwa kullum, a daidai minti ɗaya.

“Malam Ɗan Agogo,” takan ce tana miƙa masa murfin fulas, “har yanzu ƙasarku ba ta farka ba?”

“Mu ba ma gaggawa, Malama. Mun bar muku gudu.”

“Ku kuma mun bar muku jira. An yi raba daidai.”

Daga nan sai ya yi mata bayanin yadda tagulla ke miƙewa in an yi zafi, da yadda ƙura ke cin haƙoran agogo, ita kuma tana kallonsa ta saman kofi kamar mai jiran jimla ta biyu. Jimla ta biyun tana nan, a rubuce ma. Wasiƙa sittin da ɗaya ya rubuta mata, masu cike da wata da taurari da zuciyar da ke ƙuna, duk ya jera su a akwatin agogo, inda babu mai karantawa sai gizo-gizo.

Ranar wata Litinin rediyo ya yi albishir. An ƙulla Yarjejeniyar Zumunci da Sauƙaƙa Zirga-zirga, kuma daga ranar Alhamis ƙasashen biyu za su koma lokaci ɗaya. Minista da kansa ya yi bayani. Ya ce kada mahassada su ruɗi jama'a, ba a karɓe komai ba. Hasali ma, in ji shi, ƙasar za ta ci gaba da rabin awa a rana ɗaya, abin da duk gwamnatocin baya suka kasa yi.

Ɗan Agogo na kan kujerar aski aka yi sanarwar. Shagon cike yake, kamar kullum, da mutanen da ba aski ya kawo su ba.

“Yau agogo, gobe tuta,” in ji Mai Aski, yana kaɗa almakashi a iska.

“Tutar ai tasu ce tuntuni,” in ji wani daga kan benci.

“To jibi mu ke nan. Wata rana za ka tashi ka ga ɗan sandansu a bakin ƙofarka yana yi maka sannu da zuwa ƙasarsu.”

Aka yi dariya, amma gajeriya. Wani tsohon malamin makaranta da ke riƙe da jarida a kife ya ce a hankali, shi ya koyar da taswirar nan shekara talatin, kuma ya lura kibiyar na ƙara gajarta duk lokacin da aka sake bugu. Ya ce yanzu ba a aiko da sojoji, kyauta ake aikowa, kuma kyauta ba a harbinta. Kowa ya dubi agogon hannunsa, kamar za a zo karɓa a ranar.

Shi kuwa Ɗan Agogo wani lissafi yake yi a ƙarƙashin ƙyallen aski. Jirgi zai iso sha biyu. Jirgi zai tashi sha biyu. Sha biyu ɗaya. Ba benci, ba fulas, ba tabon saman gira. Bai san lokacin da ya miƙe tsaye da rabin kai a aske ba.

“Wallahi ba zan taɓa hannun agogon nan ba!”

Almakashi ya faɗi ƙasa. Kafin la'asar labari ya karaɗe gari cewa an samu namiji. Mai Aski ya ƙi bari ya tafi sai da ya ƙarasa masa askin da irin ladabin da ake yi wa manya, ya kuma tattara gashin ya zuba a kwalba saboda tarihi.

A gida ya tarar da Inna tana guga a kan teburin falo, Kawu Usur na zaune da wasiƙa daga ma'aikata, gilashinsa a kan hanci.

“Ga gwarzo nan ya shigo,” in ji Kawu. “Zauna ka ji. Ranar Alhamis Jakadan Yaya zai zo a jirgi. Babban Sakatare zai tarbe shi. Da zarar ya sauko, Sakatare zai ɗaga farin hankici, kai kuma ka tura dogon hannu daga kan shida zuwa kan sha biyu. Agogo ya buga, ni in busa, a tafa. Har sun rubuta inda za a tafa.”

“Kawu, 'yancin ƙasa ba abin wasa ba ne.”

“Ni ma na sani, ɗana. Shi ya sa ake yi masa biki in za a binne shi.”

Inna ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta dubi ɗanta tun daga sabon askin har ƙafa.

“Kai, Auta. Lokacin da suka rufe mana gidan waya, kana ina? Lokacin da suka sa muka koma tuƙi ta ɗaya hannun, ka ce uffan?”

“Inna, wannan daban ne.”

“Daban ne mana. Wannan kishin ƙasar naka baƙin takalmi yake sawa, da jaka a kafaɗa. Kishin ƙasar da ke shan shayi a gindin hasumiya.”

Kawu ya ƙware da dariya har gilashin ya faɗo. Ɗan Agogo ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

“Ubanka,” in ji Inna tana ninke riga, “minti biyar ya yi a ƙofar gidanmu ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma mutum ne mai in'ina. Kai an ba ka rabin awa kullum har shekara biyu. Gwamnati ta yi haƙuri da kai.”

Ranar Laraba ita ce rabin awa ta ƙarshe. Ya sauko da wasiƙa ta sittin da biyu a aljihu, ya sa turare har ƙudaje suka kauce masa. Mai Tikiti ta cire takalmi, ta zuba shayi, ba ta yi zolayar da ta saba ba.

“Na ji an ce ka zama gwarzo.”

Da ya yi shiru, da ya tsira. Amma sai bakinsa ya buɗe, ya shiga bayanin yadda manyan ƙasashe ke haɗiye ƙanana, da abin da ya faru da wasu dauloli da ya karanta labarinsu, da ma'anar iyaka a zuciyar ɗan'adam. Ya yi magana mai kyau, shi kansa ya ji daɗinta. Hannunsa na cikin aljihu yana murza wasiƙar har ta jiƙe da gumi.

Ta bari ya kai aya, sannan ta rufe fulas.

“Kun iya kuka kan rabin awa. Shekara arba'in kuna riƙe da ita, me kuka yi da ita?”

“Tamu ce. Ko ba mu yi komai da ita ba, tamu ce.”

“Haka ne,” ta ce, ta dube shi cikin ido. “Daga gobe ba zan riƙa saukowa ba. Minti biyu ba ya isa mutum ya cire takalmi. In akwai abin da ƙasarku ke son faɗa wa ƙasarmu, saura minti huɗu.”

Ya ɗaga kai ya dubi agogon. Da gaske saura minti huɗu. Zuciyarsa ta buga sau ɗari a tsakanin motsin hannu ɗaya, duk kalmomin da ya tara daga littattafai suka taru a bakinsa suka toshe ƙofa.

“Agogon nan,” ya ce da ƙyar, “yana bukatar mai.”

“Allah ya ba shi lafiya,” in ji ta. Ta ɗaura takalminta ta tafi.

Ranar Alhamis gari ya cika tasha tun hantsi. An shafe bango da farar ƙasa har inda idon Jakada zai iya kaiwa. An kawo 'yan badujala, an rataya tutocin ƙasashen biyu, ta Yaya ta ɗan fi girma saboda, in ji Sakatare, yadin ne ya zo haka. Ɗan Agogo ya hau matakalarsa tamanin da huɗu, amma kafin ya hau sai ya jawo ƙofar ƙarfen da ke gindin hasumiya ya danna sakata.

Jirgi ya iso sha ɗaya da rabi. Jakada ya sauko, ƙato mai fara'a, irin mutumin da in ya rungume ka sai ka duba aljihunka. Sakatare ya karanta jawabi, ya juya, ya ɗaga farin hankici.

Dogon hannu bai motsa ba.

Sakatare ya sake ɗaga hankicin, ya kaɗa, ya yi tsalle da shi. 'Yan badujala da suka cika kumatu da iska suna jira suka fara shiɗewa. Sai Mai Aski ya kurma ihu daga baya, jama'a suka ɗauka, tashar ta rikice da sowa. Tsohon malamin makaranta yana share hawaye da jarida. Kawu Usur na tsaye ƙiƙam da usur a hannu, aka ce ya busa, ya ce shi bai ji agogo ya buga ba.

A sama, Ɗan Agogo ya leƙa ta tagar ƙarƙashin lamba shida. Ya ƙwato ta. Ya ƙwato rabin awarsa daga bakin babbar ƙasa. Kuma ga Mai Tikiti can ta sauko, ta ratsa taron, ta zauna a benci, ta cire takalmi, ta buɗe fulas. Ta zuba a murfi ta ajiye a gefenta, inda ya saba zama.

Ya juya da gudu zai sauka, sai ya ji ana dukan ƙofar ƙarfe daga ƙasa. Ashe Jakada, saboda tsabar zumunci, ya taho da injiniyansa da akwatin kayan aiki, ko da za a bukaci taimako. Injiniyan na tsaye a bakin ƙofa da 'yan sanda biyu. Nan Ɗan Agogo ya tsaya cak a kan matakala ta uku daga sama. In ya buɗe ƙofa, injiniya zai hau ya tura hannu, Kawu ya busa, jirgi ya tafi. In bai buɗe ba, rabin awar tana nan lafiya lau, shi a sama, ita a ƙasa, shayi na hucewa a tsakani. Duk littattafan da ya karanta babu wanda ya yi bayanin wannan.

“Jawabi! Jawabi!” jama'a suka fara rerawa. “Gwarzo ya yi magana!”

Ya koma taga ya tura ta ta buɗe. Dubban fuskoki suka ɗago. Sakatare ya sauke lasifikarsa, har Jakada ya sa hannu a goshi yana kare rana. Aka yi shiru irin wanda ƙasar ba ta taɓa yi wa shugabanta ba. Mai Aski ya cire hula ya dafa ƙirji.

“Malama!” Muryarsa ta fashe. “Malama Mai Tikiti! Agogon nan ba ya bukatar mai! Ƙarya na yi! Jiya da safe na zuba masa!”

Jama'a suka dubi juna. Wani ya ce wannan magana ce mai zurfi, sai an zauna a kanta.

“Shekara biyu ban manta komai a ƙasa ba! Ke nake saukowa gani! Ina da wasiƙa sittin da biyu! Ina sonki, ina so in aure ki, in ba ki yarda ba ni dai na shiga uku!”

Taron ya juya gaba ɗaya ya dubi benci, ya ga 'yar ƙasar Yaya ba takalmi, da kofi a hannu. Aka ɗauki lokaci kafin maganar ta sauka. Da ta sauka, Mai Aski ya mayar da hularsa.

“Au! Dama don mace ne? Kuma tasu?”

“Maci amana!” in ji wata murya. Waɗanda suka ɗauko duwatsu don injiniya suka fara auna tsawon hasumiya.

Mai Tikiti ta kurɓi shayi, ta ajiye kofi, ta miƙe tsaye a kan safa. Ba ta yi ihu ba, amma mace ce da ta saba magana a cikin tarago mai ƙara, kowa ya ji ta.

“Malam Ɗan Agogo, ni 'yar babbar ƙasa ce. Mun saba yi wa mutane magana daga sama, na san yadda take da daɗi ga mai yi. Ba na amsa irinta. In da gaske kake, sauko ka faɗa a nan.”

Ya dubi agogon. Ya dubi ƙafafun tagullar da mahaifinsa ya goge shekara talatin, da wurin da tafin hannun tsohon ya cinye a jikin mariƙin wani. Sha biyu saura kwata. Kwatan awa na 'yancin ƙasa ne a hannunsa, shi kaɗai, kuma ya san abin da tsohon malami ya faɗa gaskiya ne, bayan agogo wani abu zai biyo. Idanunsa suka ciko. Ya shafa akwatin agogon kamar mai sallama da mara lafiya, ya kwashi wasiƙunsa, ya sauka.

Da ya zare sakata, injiniya ya yi masa godiya cikin ladabi ya wuce shi. Allah ya sa mutum ne mai tumbi, matakala kuma tamanin da huɗu ce. Wannan tumbin shi ne taimako na gaskiya na farko da Yaya ya taɓa yi wa wani a ƙasar.

Jama'a suka dare masa hanya, ba don girmamawa ba. Ya isa benci yana haki, rungume da takardu masu yanar gizo.

“Na sauko.”

“Na gani. Me ka ce?”

Ya nemi wata da taurari ya rasa. “Ki aure ni,” ya ce. “Don Allah.”

“Shi ke nan? Kalma biyar? Ita ce ta ci shekara biyu?” Ta zauna tana ɗaura takalmi. “Waɗannan kuma fa?”

“Bayani ne.”

“Riƙe abinka. Na fahimta ba bayani.”

A sama dogon hannu ya yi wani irin tsalle da bai taɓa yi ba, ya haye sha biyu ya wuce. Agogo ya fara bugawa. Kawu Usur ya kai usur baki yana ƙirgawa, hawaye na bin kumatunsa, don shi ma ɗan ƙasa ne, amma doka doka ce. Mai Tikiti ta zaro tikiti ɗaya daga jaka, ta yi rubutu a bayansa, ta huda shi, ta danƙa masa.

“Tasha ta uku bayan iyaka. Gida mai koren ƙofa, bayan asibiti. Baba na gida ranar Asabar. Ƙarfe huɗu.”

“Huɗu na wane agogo?”

Ta riga ta taka matakalar tarago. Ta waiwayo, dariyar nan tata ta zo amma ba ta kai ido ba.

“Ai ɗaya ya rage.”

Bugu na sha biyu ya faɗi, Kawu ya busa.

Washegari jarida ta ce biki ya yi armashi, an ɗan samu jinkirin kwatan awa saboda cunkoson masu murna. Ba a kori Ɗan Agogo ba, an dai gode masa. Yaya ya ba garin kyautar sabon agogo mai aiki da lantarki, wanda ba ya bukatar wani, ba ya bukatar mai, ba ya bukatar ɗan ƙasa. Yana tafiya daidai ƙwarai, sai dai in Yaya ya ɗauke wuta ya tsaya, gari ya jira. Mai Aski ya zubar da gashin da ke kwalba.

Ranar Asabar su uku suka tafi, shi da Inna da Kawu. Kawu ya busa usur, ya miƙa wa mataimakinsa, ya bi jirgin da gudu ya ɗafe taragon ƙarshe. Ƙarfe biyu suka isa tasha ta uku, suka zauna a ɗakin jiran fasinjoji, Ɗan Agogo na kallon agogon bango kamar zai cinye shi. Huɗu saura minti goma ya miƙe.

“Inna, mu tafi.”

Inna ta buɗe jaka ta fito da agogon aljihun marigayi, ta ɗaga murfin, ta nisanta shi da ido.

“Uku da minti ashirin. Zauna.”

“Inna, wannan tsohon lokaci ne! An canja!”

“Su suka canja. Ni ban sa hannu a takardar kowa ba. Sun karɓe mana wuta, sun karɓe hasumiya, sun karɓe min hankalin ɗa. Ba zan je neman 'yarsu da agogonsu ba.”

“Kawu, ka yi mata magana!”

“Ni?” in ji Kawu. “Yayata ce. Na fi ka sanin yadda ake zama da babba.”

Ya zauna, ya tashi, ya roƙa, ya yi rantsuwa cewa rayuwarsa ta ƙare. Inna ta gyara zama ta rufe ido. Sai da agogon marigayi ya ce huɗu saura minti goma ta miƙe ta gyara mayafi.

Ƙarfe huɗu da rabi na Yaya suka ƙwanƙwasa koren ƙofa, Ɗan Agogo ya jiƙe sharkaf yana haɗa kalmomin ban haƙuri. Wani dattijo siriri ya buɗe, ya dubi agogon hannunsa, ya washe baki.

“Huɗu da rabi cif! An ce mana mutanen ƙasarku ba su san lokaci ba, ashe sharri ne. Bismillah, ku shigo.”

Suna zama Mai Tikiti ta shigo da tire, kanta a sunkuye, ta gaida Inna har ƙasa, ta gaida Kawu. Da ta zo ajiye kofi a gabansa ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta dube shi ba, “Kai na ce maka huɗu. Baba na ce masa da rabi.”

Hannun rigarta ya ɗan ja baya da ta miƙa kofin. Ɗan Agogo, wanda bai iya ganin agogo bai karanta ba, ya ga ɗan ƙaramin da ke ɗaure a hannunta. Huɗu da minti biyu, tsohon lokacin ƙasarsu.

Inna ma ta gani. Ta ɗauki kofinta ta hura, ta dubi ƙaninta.

“Kai Usur, fara magana. Yarinyar nan da mu za ta tafi.”